Me ya sa jirgin Habasha ya rayu, namu kuma ya mutu?

Tambayar da ɗan'uwa ya yi ita ce wai ya aka yi Habasha, ƙasar da muka taso muna jin sunanta tare da yunwa da yaƙi, take da kamfanin jirgin sama mafi girma a Afirka, yana zuwa Caina da Amurka, mu kuma da man fetur ɗinmu Nigeria Airways ya mutu murus? Har ya ƙara da cewa ko dai Turawa ne ke riƙe musu da shi a ɓoye.

To Malam, harkar tikiti da dakon kaya ta jirgi ita ce sana'ata, kuma wannan tambayar tana min ciwo sosai, don haka ka yi haƙuri amsar za ta yi tsawo. Da farko dai babu wani Bature a ɓoye. Ethiopian Airlines na gwamnatin Habasha ne ɗari bisa ɗari, daga ranar da aka kafa shi har yau. Ina fara faɗin wannan ne saboda masu cewa wai duk abin da gwamnati ta mallaka dole ya lalace, ga shi nan na gwamnati ne kuma bai lalace ba. Amma fa akwai ƙamshin gaskiya a zarginka, domin Turawa ne suka ɗora su a hanya, sai dai yadda aka yi ɗorawar shi ne inda darasin yake.

An kafa kamfanin a Disambar 1945, zamanin Sarki Haile Selassie, yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba. Habasha ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, garin da za ka kwana da kwanaki a kan alfadari kafin ka kai, jirgi zai kai ka cikin awa guda, ka ga kenan su jirgi ba kayan ado ba ne a wurinsu, larura ce. Sarki ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin TWA na Amurka, su kawo matuƙa da makanikai da manajoji, aka sayo jirage biyar samfurin C-47 ragowar na sojan Amurka, irin waɗanda fasinja ke zama a kan bencin tamfol a gefe da gefe kaya kuma a jibge a tsakiya. Ranar 8 ga Afrilun 1946 jirginsu na farko ya tashi daga Adis Ababa zuwa Alƙahira, ya yada zango a Asmara.

Ga inda nake so ka lura. Da aka zo sabunta yarjejeniyar a 1953, sai aka rubuta ƙarara cewa manufar ƙarshe ita ce 'yan Habasha su riƙe kamfanin da kansu gaba ɗaya. Kuma ba su yi gaggawa ba wallahi. Sai a 1957 aka samu ɗan ƙasa na farko da ya zama kyaftin, Alemayehu Abebe. Makarantar koyon tuƙi tasu ta kansu ta zo a 1964. Ɗan ƙasa bai hau kujerar babban manaja ba sai a 1971, Kanar Semret Medhane, kuma TWA ba ta tattara nata ya nata ba sai a 1975. Shekara 30 ana koyon aiki, Bature yana gaba ɗan ƙasa yana bayansa, daga baya ɗan ƙasa ya dawo gaba Bature ya koma mai ba da shawara kawai, har ranar da ba a buƙatarsa. Mu kuma a nan an kawo KLM ta ƙasar Holan ta riƙe Nigeria Airways a 1979, shekara biyu kacal suka yi suka tafi a 1981. Me mutum zai koya a shekara biyu a harkar da injiniya ɗaya ma sai ya shafe shekaru kafin a yarda ya sa hannu a takarda cewa jirgi ya cancanci tashi?

Dogon zango kuwa sun fara shi tun 1958, da suka samo DC-6B suka fara zuwa Frankfurt a Jamus. Amma abin da ya fi burge ni shi ne na 1960, lokacin da suka ja layi daga gabashin Afirka zuwa yammacinta, Adis Ababa zuwa Khartum zuwa Akra, Legas ma ta shigo ciki. Kafin wannan, in kana son tashi daga wannan gefen nahiyar zuwa wancan, sau da yawa sai ka bi ta Landan ko Faris tukuna, domin Turawan mulkin mallaka sun tsara hanyoyin ne kowace ƙasa ta kalli uwargijiyarta, ba ta kalli maƙwabciyarta ba. Shi ya sa in ka ji suna cewa tun shekarar da Najeriya ta samu 'yanci suke zuwa nan, ba cika baki ba ne. A ƙarshen 1962 suka karɓi Boeing 720B, jet ɗinsu na farko, kuma saboda shi aka gina filin jirgin Bole a Adis Ababa don titin tsohon filin ya yi gajarta. Sai kuma aka kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka a Adis Ababa a 1963, shugabanni da jakadu suka riƙa tururuwa, kasuwa ta buɗe musu.

Yanzu bari in zo wurin da a ganina nan ne aka yi ta ta ƙare, wato zamanin Derg, gwamnatin sojan Habasha. A 1974 sojoji suka kifar da Haile Selassie, Mengistu ya zo da gurguzu, ƙasar ta juya wa Amurka baya ta rungumi Tarayyar Sobiyet. Kamfanin ya fara tangal-tangal kamar yadda kowa zai zata, ma'aikata suka yi yawa, 'yan siyasa suka fara sa baki, ƙwararru suka fara guduwa waje, kuɗi ya fara zurarewa. A 1980 aka kira Kyaftin Mohammed Ahmed, mutumin Harar, aka ce ya zo ya riƙe. Ya karɓa amma da sharaɗin a bar shi ya tafiyar da kamfani a matsayin kasuwanci. Ka tsaya ka yi tunani, gwamnatin soja ce ta gurguzu wadda ke harbe mutane a titi, amma mutumin nan ya rage ma'aikata, a ƙasar da korar ma'aikaci kusan saɓo ne a aƙidar masu mulki, kuma da aka matsa a koma sayen jiragen Rasha sai shi da mutanensa suka tsaya kai da fata cewa Boeing za su ci gaba da saya, don shi matuƙansu da makanikansu suka iya, shi ne kuma fasinjan waje zai yarda ya hau. Gwamnati ta haƙura, saboda kamfanin na cikin 'yan tsirarun hanyoyin da dala ke shigo mata. A 1984, shekarar da duniya ke kallon hotunan yunwar Habasha a talabijin, su suka fara kawo Boeing 767 a Afirka. Ya riƙe kujerar har 1991.

To wannan shi ne sirrin in har akwai sirri, mai abu ya yarda ya cire hannunsa daga cikin tukunya. Sarki ya tafi, Derg ta zo ta tafi, gwamnatin Meles Zenawi ta zo, yanzu ga Abiy Ahmed, kowacce da irin halinta kuma babu wadda za ka ce waliyyiya ce, amma dukkansu sun gaji wannan fahimtar cewa kamfanin jirgi ba wurin raba wa 'yan uwa aiki ba ne. Dubi shugabanninsa daga 2004 zuwa 2025, uku ne kawai. Girma Wake, wanda ya shiga kamfanin tun 1965, ya fita ya yi aiki a waje ya dawo ya riƙe daga 2004 zuwa 2011. Tewolde GebreMariam ya shiga a 1985 a ƙaramin ma'aikaci ɓangaren kaya, ya hau matakala ɗaya bayan ɗaya har ya riƙe daga 2011 zuwa 2022. Mesfin Tasew da ya karɓa a 2022 ya shiga a 1984 a matsayin injiniya. Duk 'yan gida ne, babu wanda aka ɗauko daga jam'iyya ko daga bariki aka ɗora. Shi ya sa in sun ce ga shirinmu na shekara 15, wanda suka kira Vision 2025, akwai wanda zai zauna ya ga ƙarshensa, ba wai minista ya canja shiri ya bi shi ba.

Nigeria Airways fa ba ƙaramin kamfani ba ne, kar yaran yanzu su ɗauka tatsuniya ce. An kafa shi a 1958, ya yi DC-10, ya yi Airbus A310, yana zuwa Landan da New York da Jidda, a ganiyarsa jiragensa sun kai wajen 30, kuma yana da matuƙa da injiniyoyi da ko'ina a duniya za a ɗauke su aiki. Ba ƙwararru muka rasa ba. Abin da ya kashe shi kowa ya sani, shugabanci yana canjawa duk sanda gwamnati ta canja, ma'aikata sun fi ƙarfin jiragen da ake da su, manya suna hawa ba biya ko a juya jirgi saboda tafiyar wani babba a bar fasinjan da ya biya kuɗinsa a zaune a filin jirgi, bashi ya taru har ana kama jirage a ƙasashen waje, jirgi ya tafi gyara ya maƙale don ba a biya ba. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta rufe shi. Ma'aikatansa da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu, a 2018 gwamnatin Buhari ta saki wani kaso. Kuma ba mu kaɗai ba ne, East African Airways ya mutu a 1977, Zambia Airways na farko a 1994, Air Afrique wanda Nijar da Chadi ke ciki ya mutu a 2002, Ghana Airways ya bi su ba da daɗewa ba. Kusan duk cuta ɗaya ce.

Ta ɓangaren kasuwancin kansa kuma, mutane na mamakin ina Habasha ta samu fasinjan da zai cika waɗannan jirage. Ai ba 'yan Habasha ba ne yawancin fasinjan, mu ne. Tsarin kamar babbar tashar mota yake, ƙananan motoci su kwaso mutane daga ƙauyuka su sauke a wuri ɗaya, sannan doguwar bas ta cika ta kama hanyar Legas. Da safe jiragensu su watsu cikin Afirka, Kano, Abuja, Legas, Inugu, Yamai, Injamena, Akra, Duwala, da yamma su juyo su sauka a Bole kusan lokaci ɗaya, sai ka ga falon ya cika maƙil, ga ɗan Kantin Kwari zai tafi Gwanzu ta Caina, ga hajiya 'yar Dubai, ga masu Umara, ga mara lafiya za a kai shi Indiya, ga ɗalibi da jakar goyo, kowa na duba allo yana neman ƙofarsa, zuwa tsakar dare manyan jiragen sun kwashe su sun yi gabas da arewa. Kano ita kaɗai ba za ta cika jirgin Gwanzu kullum ba, Yamai ma haka, amma in ka haɗa garuruwa sittin na Afirka a wuri ɗaya sai ya cika har a rasa kujera. Kuma Allah ya ajiye Adis Ababa a kan hanya, in ka ja layi daga yammacin Afirka zuwa Indiya ko kudancin Caina ba ka yi wani dogon zagaye ba in ka bi ta can.

Wannan yana sa ni tuna Kano, don mu ma mun taɓa zama irin wannan mahaɗar. A Kano jirgi ya fara sauka a Najeriya a 1925, kuma zamanin da jirage ba sa iya dogon zango ba tare da shan mai ba, masu ƙetare Sahara daga Turai zuwa kudancin Afirka nan suke yada zango. KLM ta shafe shekaru sama da 60 tana zuwa Kano kafin ta daina a 2012. Wuri mun samu, kamfanin da zai riƙe wurin ne ba mu gina ba.

Amma Bole na da matsalarsa, kuma wannan ɓangaren masu hawa ba su cika sani ba. Filin yana kan tudu, sama da mita 2,300 daga doron teku, iskar wurin ba ta da kauri, inji ba ya samun ƙarfin da zai samu a Legas, fiffike ma ba ya ɗaga nauyi yadda ya kamata. Saboda haka jirgi ba zai iya tashi da cikakken mai da cikakken kaya ba in tafiyar mai nisa ce sosai. Shi ya sa jiragensu masu zuwa Amurka, wadda suka fara zuwa a 1998, suke tsayawa a hanya su sha mai, wani lokaci a Dablin ko Rum, wasu kuma ta Lome ko Abijan, amma a dawowa daga Washinton sai su zo kai tsaye. Wannan ma na cikin abin da ya sa suka yi wuf suka yi odar Boeing 787 tun 2005 jirgin yana kan takarda, don ba shi da nauyi kuma ba ya shan mai sosai, suka karɓi na farko a Agustan 2012, in ka cire kamfanonin Japan su ne na farko a duniya da suka fara aiki da shi. Airbus A350 kuma ya zo a 2016. A 2011 suka shiga ƙawancen Star Alliance tare da su Lufthansa.

Sannan ba tikiti kaɗai suke ci ba. Suna da garejin gyaran jirage da har wasu kamfanoni ke kawo musu aiki su biya da dala, suna da makarantar da ke horar da matuƙa da makanikai da ma'aikatan cikin jirgi daga ƙasashen Afirka da dama, suna da kicin ɗinsu, suna da otal ɗin Skylight kusa da filin, ga kuma dakon kaya, furannin Habasha da ake kaiwa Turai ta Liyej a Beljiyam cikin sanyi. Wannan dakon kayan shi ya cece su lokacin korona a 2020, da fasinja ya ɗauke sai suka cire kujerun jiragen fasinja sama da 20 suka mayar da su na kaya, suna jigilar takunkumi da magunguna da allurar rigakafi, a lokacin da South African Airways ke hannun masu ceto daga durƙushewa. A shekarar kuɗinsu ta 2023 zuwa 2024 sun ɗauki fasinja wajen miliyan 17, kuɗin shiga kuma wajen dala biliyan 7.

Kar kuma in sa ka ɗauka komai nasu fari ne tas. Sun sha jarabawa mai ɗaci. A Nuwamban 1996 wasu suka yi fashin jirginsu 767 da zai bi ta Nairobi da Barazabil da Legas zuwa Abijan, suka ce sai an kai su Ostareliya, mai ya ƙare ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros, mutum 125 suka rasu cikin 175, har da 'yan Najeriya. A 2010 wani ya faɗa teku bayan tashi daga Beirut da mutum 90. Sai na 10 ga Maris 2019, sabon Boeing 737 MAX da ya faɗi minti shida bayan tashi, mutum 157 babu wanda ya fita, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. A nan na ƙara girmama su, domin da aka fara ƙoƙarin jingina laifin ga matuƙan Afirka, sai suka dakatar da samfurin nan take, suka aika akwatin naɗar bayanai Faransa, kuma bincike ya nuna wata na'ura ce mai suna MCAS ke danna hancin jirgin ƙasa, irin abin da ya faru da na Lion Air a Indunusiya watanni biyar kafin nan, har aka dakatar da MAX a duk duniya. A gefe guda kuma akwai zargin da CNN ta yi a 2021 cewa an yi amfani da jiragensu wajen dakon makamai lokacin yaƙin Tigray, kamfanin ya musanta, amma zargin kaɗai ya isa ya nuna maka cewa cire hannun gwamnati yana da iyaka. Kuma gwamnatinsu na kare su sosai a gida, filayen jiragen ƙasar ma an haɗe su ƙarƙashin kamfanin a 2017, ba irin gasar da kamfanoninmu ke fuskanta suke fuskanta ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa.

Mu a arewa muna da dalilin ganin mutuncinsu. Sun fara zuwa Kano a 2014 lokacin da wasu ke janyewa, kuma da aka rufe filin jirgin Abuja na sati shida a Maris 2017 don gyaran titi aka ce kowa ya koma Kaduna, manyan kamfanonin Turai suka ƙi, su kuwa suka sauke 787 a Kaduna ranar farko.

Sai maganar Nigeria Air, sabon kamfanin jirgin da gwamnatin Buhari ta so kafawa, don na san nan tambayarka za ta ƙare. Ministan jiragen sama na lokacin, Hadi Sirika, ya bayyana sunan a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila a 2018, a 2022 aka ce Ethiopian za ta riƙe kashi 49, gwamnati kashi 5, sauran na 'yan kasuwar Najeriya. Ƙungiyar kamfanonin jirage na cikin gida ta garzaya kotu, ranar 26 ga Mayun 2023 kwana uku kafin gwamnati ta sauka aka kawo jirgi Abuja da fentin Nigeria Air, daga baya ta tabbata na Ethiopian ne aka yi shata, ministan da ya gaje shi Festus Keyamo ya zo ya dakatar da shirin, a Agustan 2024 kuma babbar kotun tarayya a Legas ta soke cinikin. Ni a nawa ra'ayin haɗa gwiwa da su ba laifi ba ne a kan kansa, ga kamfanin ASKY nan a Lome da suka taimaka aka kafa, ya fara tashi a 2010 yana ta aiki lafiya, kodayake na Chadi, Tchadia, da aka fara a 2018 bai kai labari ba, na Mozambik ma haka. Wanda ya yi nasara a cikinsu shi ne wanda 'yan kasuwa da bankuna suka riƙe, gwamnati ta tsaya gefe. Abin da ya dame ni da namu shi ne ban ji ana maganar matuƙa nawa za a horar ba, ko a ina za a gina garejin gyara, ko a wace shekara ɗan Najeriya zai karɓi ragama, irin abin da su suka rubuta wa TWA a 1953. Kuma dole a yi tambaya, wanda cibiyarsa ke Adis Ababa, zai so Legas ko Kano ta zama cibiyar da za ta ƙwace masa fasinja?

Su dai yanzu abin da ke gabansu shi ne Bole ya yi musu kaɗan, ga kuma matsalar tudun nan, don haka suka ɗauko aikin sabon katafaren filin jirgi a Bishoftu, wajen kilomita 40 daga Adis Ababa, inda ƙasar ta ɗan fi sauka, aikin biliyoyin dala wanda yawancinsa bashi ne za a ciwo. Ga Turkish da Qatar da Emirates suna zawarcin fasinjan nan namu ɗaya, ga rikicin cikin gida a yankin Amhara da Oromiya bai lafa ba, kuma bashin dala ba ya jiran a gama yaƙi. Wannan aikin shi ne nake sa wa ido a shekarun nan masu zuwa, don kamfanin bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyinsa ba tun da aka kafa shi.